Fistin Birki da Amanar Mai Sassaƙar Ƙarfe

Ƙannena masu koyon aiki a gaban injin sassaƙar ƙarfe, tun daga Kura har Bunkure da Garun Malam, da ku nake. Na san doguwar magana ba ta dame ku ba, ga aiki jibge, ga wutar lantarki ba tabbas. Duk da haka ku ara mini kunne, domin zancen ya shafi rai.

Zan fara da yabo, kun kuma cancanta. Tun da aka kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta kanal zuwa gonakin Kadawa da kewayenta, yankin nan bai sake sanin zaman kashe wando da rani ba. Shinkafa ta fita, alkama ta shiga, tumatir da albasa su biyo baya. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke riƙe da ruwa, manoma ke riƙe da gona, ku kuma kuke riƙe da ƙarfe, ko da yake ba a cika ambatonku ba. Injin ban ruwa in shaf ɗinsa ya cinye, injin casar shinkafa in bushinsa ya yi sako-sako, fulen da raminsa ya buɗe, kusar da haƙoranta suka lashe, duk wajenku ake kawowa. Da sai an jira kaya sun iso daga kasuwar Ƙofar Ruwa ko daga Legas kafin inji ya tashi, da gonaki da yawa sun bushe alhali ruwa na wucewa ta gefensu.

Wannan ƙwarewar taku ce ta sa na ɗauki alƙalami. Hannun da ya saba da nasara yakan fara ganin duk ƙarfe ɗaya ne: a auna, a yanka, a goge, a miƙa. To, akwai bambanci. Bushin injin ban ruwa in bai yi daidai ba, inji zai tsaya, mai shi ya dawo yana mita, ka sake masa wani, ku rabu kuna dariya. Fistin birki in bai yi daidai ba, mai shi ba lalle ne ya dawo da ƙafarsa ba.

Galibin baburan da ke bin hanyoyin kanal, irin su Boxer, birkinsu na shu ne, waya ko sanda ke jansa, babu fistin a ciki. Amma masu birkin faifai a gaba suna ƙaruwa a hannun samari, ita ma Adaidaita Sahu da mai birkinta yake aiki, tana da ƙananan fistin a cikin ƙafafunta. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a 2013, sana'ar ta fi ƙarfi a garuruwa irin namu, inda babur ke ɗaukar mutum da buhun taki da kwandon tumatir a tafiya guda. Saboda haka ba jimawa za a shigo shagonku da kalifa, wato gidan fistin birkin faifai, a leda, fistinta ya ci tsatsa, a ce an zagaya ba a samu irinsa ba, a sassaƙa wani da alminiyon tunda ga shi nan da araha, kuma yana da daɗin yanka. Kafin ka ce to, ka san abin da aka miƙo maka.

Ɗauke shi ka juya a tafin hannunka. Ɗan ƙaramin kofi ne na ƙarfe, baki ɗaya a buɗe, ɗaya a toshe, faɗinsa bai wuce na murfin jarka ba. Ɓangaren da ke cikin mai yana nan sumul yana sheƙi. Ɓangaren da ya leƙo waje wajen fad kuwa ya yi baƙi, kurom ɗinsa ya ɗaɗɗaye, in ka bi da farce za ka ji ƙananan ramuka suna kama ka. Toshesshen bakin shi mai ke turawa, buɗaɗɗen shi ke danna fad a jikin faifai.

Ƙarfin da ke bi ta kansa ya fi yadda ido ke zato. Wani masani ɗan Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana tun ƙarni na 17 cewa in aka matsa ruwa a cikin rufaffen wuri, matsin yakan isa ko'ina daidai wa daida. A kan wannan ƙa'ida aka gina birkin mai, kuma kamfanin Honda ne ya yaɗa birkin faifai a baburan kasuwa da samfurinsa CB750 a 1969. Mu yi ɗan lissafi. A ce fistin masta, wanda ke kusa da hannu, faɗinsa milimita 12, na kalifa kuma milimita 30. Fuskar babban ta ninka ta ƙaramin sau shida da kwata. In direba ya damƙi hannun birki da ƙarfin kilo 15, tsawon hannun ya ninka shi sau huɗu ya zama 60, to abin da zai sauka a gindin wannan ɗan kofin ya kai kilo 375. Kusan buhu huɗu ke nan na shinkafa a kan abin da kake iya ɓoyewa a dunƙulen hannu, kuma ba sau ɗaya ba, duk sanda aka ja birki da ƙarfi.

Akwai wani sirri kuma da yawancin masu koyo ba a faɗa musu ba. Leƙa cikin kalifar. Ba za ka ga sifirin da ke mayar da fistin baya ba. Abin da za ka gani shi ne wani zobe na roba mai kusurwa huɗu, zaune a cikin ramin da aka zagaya a bangon kalifa. Wannan robar aiki biyu take yi. Tana rungume jikin fistin don kada mai ya tsiyaye. Sannan idan fistin ya matsa gaba, takan ɗan karkata ta bi shi, da zarar an saki hannu sai ta miƙe ta jawo shi baya da abin da bai wuce kaurin takarda ba. Wannan ɗan jan shi ke sakin faifai ƙafa ta juya. Ma'ana, duk rayuwar birkin tana tsakanin leɓen robar da fatar fistin. Fatar in ta yi kaushi, za ta cinye robar, mai ya zube. In fistin ya yi kauri, robar ba za ta iya jawo shi ba, birki ya riƙe. In ya yi siriri, robar ba za ta kama shi da kyau ba. Wanda ya fahimci wannan ya daina ganin fistin a matsayin guntun ƙarfe mai zagaye.

Me ya sa suke saurin lalacewa a yankinmu? Dubi rayuwar babur ɗin. Da damina yana cikin taɓo, da rani yana bin gefen kanal inda ruwa ke malala, da hunturu ƙura ta cika shi. Da yamma a gangara da shi bakin ruwa a yi ta watsa masa da bokiti. Taki yana zuba daga buhu ya narke a jikinsa, shi kuwa taki abokin tsatsa ne. Ƙaramar robar waje da ke tare ƙura in ta tsage, laka ta samu ƙofa. Daga ciki ma akwai ɓarawo: man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska da kansa, ya tara ruwa a hankali, ruwan ya zauna yana cin ƙarfe. Duk fistin da za ka sassaƙa, cikin wannan rayuwar zai shiga.

Yanzu mu zo kan alminiyon, inda gizo ke saƙa.

Gaskiya ne wasu kamfanoni suna yin fistin birki da alminiyon. Wanda ya ce maka haramun ne a sana'a bai sani ba. Sai dai kama da wane ba ta wane. Alminiyon ɗin da kamfani ke amfani da shi sanda ce da aka haɗa da gwargwadon sinadarai sananne, aka gasa ta a kan ƙa'ida, tana da lamba, irin su 6061-T6 ko 7075-T6, sau da yawa lambar tana buge a jikin sandar. Wanda ke yawo a hannunmu kuwa mafi yawansa narke ne: gwangwanin lemo, tsohuwar tukunya, fasasshen kan inji, tsohon fistin mota, duk a zuba a kasko ɗaya a narka, a kwarara a cikin yashi ko bututu. Masu zubin tukwane sun iya aikinsu, tukunyarsu tana shekaru ana tuwo a ciki, ba na raina su. Amma narkakken alminiyon yana haɗiye iska, in ya daskare sai iskar ta bar ƙananan kogo a cikinsa. Tukunya ba ruwanta da wannan. Fistin da kilo ɗari uku da ɗoriya zai hau kansa, mai kuma yana neman ko wace kafa ya bi, ruwansa ne ƙwarai.

Injinka da kansa zai gaya maka wanne aka kawo. Ɗaura sandar kamfani ka sa wuƙa: ɓawon yana fita dogo, yana nannaɗewa, yana walƙiya, wurin da aka yanka ya fito fes. Ɗaura na narke: ɓawon yana karyewa gutsi-gutsi, wani lokaci kamar gari, wuƙa tana saurin dakushewa, in ka yi yankan ƙarshe ka kai shi hasken rana za ka ga ɗigo-ɗigon baƙaƙen ramuka kamar an tsira da allura. Waɗanda ka gani a waje suna da 'yan'uwa a ciki. Irin wannan ƙarfe kada ya kusanci birki, ko da mai babur ya rantse maka cewa shi ya ji ya gani.

A ce ma ka samu sandar kirki mai lamba. Saura magana biyu.

Ta farko, alminiyon tsirara yana da taushi. Kamfani ba ya sa shi haka nan. Bayan an sassaƙa, ana tsoma shi a cikin ruwan asid irin na batir wanda aka sanyaya har kusa da ƙanƙara, a sakar masa lantarki a kan awo, sai fatarsa ta rikiɗe ta zama wani ɓawo mai tsananin tauri, launin toka ko baƙi-baƙi. Shi ake kira anodayizin mai tauri. Kaurin ɓawon kusan kashi 5 cikin ɗari na milimita ne, rabi ya nutse cikin ƙarfen, rabi ya taso waje, don haka tun wajen yanka ake rage masa gurbinsa. Wannan ɓawo shi ke jure gogar roba da yashi da danshi. In babu shi, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layi a jikin fistin, ruwan da ke cikin mai ya soma huda shi, farin gari ya taso. Ƙari a kan haka, ita kanta kalifar babur galibi da alminiyon aka zuba ta, shi kuwa alminiyon in ya goga da ɗan'uwansa tsirara sukan ciji juna su manne. Launin ado da wasu ke yi da cajar batir a bayan shago siriri ne, ba ya maye gurbin wancan. Shagon da ba shi da tukunyar asid da na'urar sanyaya ta da abin auna kaurin ɓawo ba zai iya wannan aiki ba, kuma faɗin haka ba abin kunya ba ne.

Ta biyu ita ce zafi, ita ce kuma na fi so ku tsaya a kanta. Birki ba ya ɓatar da gudu, juya shi yake ya koma zafi. Babur da direba da kaya in sun kai kilo 300 suna gudun kilomita 60 a awa, zafin tsayawa ɗaya tak, in da zai taru a faifai mai nauyin kilo ɗaya, zai ɗaga shi da kusan digiri 90. In gudun ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake. Wannan zafi yana bi ta fad ya isa bakin fistin, a bayan fistin kuma mai ne. Alminiyon yana wuce da zafi fiye da baƙin ƙarfe sau uku, fiye da ƙarfe mara tsatsa kusan sau goma. Duk wanda ya taɓa barin ludayin alminiyon a cikin miya ya dawo ya kama mariƙinsa ya san abin da nake nufi. Sabon man DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 sai 230. Amma in sun sha ruwa kusan kashi 4 cikin ɗari, ma'aunin yana sauka zuwa 140 da 155. Mai in ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, ba ya tura komai. A nan ne direba zai ja hannun birki ya ji ya tafi luf har ya taɓa kan babur, babur kuma bai rage gudu ba.

Wani zai ce, ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da gangaren dutse da za a yi ta jan birki. Haka ne. Zafin birki a Kura ba daga tudu yake zuwa ba, daga riƙewa yake zuwa. Fistin da ya yi kauri da ɗan kaɗan, ko ya soma cizon kalifa, ba ya komawa baya. Fad yana nan yana lasar faifai tun daga gona har bakin titi, direba bai sani ba, sai dai ya ji babur ya yi nauyi ya ƙara wuta. Ga rana ta watan Afrilu, ga tsohon mai da ba a taɓa canjawa ba tun da aka sayi babur. Sai ya hau titin Kano zuwa Zariya, inda tirela ke gudu, a nan zai buƙaci birkin, a nan kuma mai ya riga ya tafasa. Kuskuren da aka yi a gaban injinka da safe, a Kwanar Gafan, kan wannan titin, zai bayyana.

Don haka ga hukuncina, ban kuma ɓoye shi ba. Abu na farko a nemi fistin kamfani da sababbin robobinsa, ko kalifa sukutum, sabuwa ko ta hannu mai lafiya. A je Ƙofar Ruwa, a tambaya, a yi waya, a jira kwana biyu. Sau da yawa "babu" ɗin da ake faɗa, "ban nema sosai ba" ce. In da gaske babu, to ƙarfe mara tsatsa, irin 304 ko 316, ya fi alminiyon dacewa da shago irin naku nesa ba kusa ba. Ba ya buƙatar wani ɓawo, ba ya tsoron danshi, yana tare zafi, kuma ba ya kumbura da zafi kamar kalifar da yake ciki, balle ya cije. Aibinsa ɗaya, yana da wuyar yanka: yana son wuƙa mai kaifi, juyi a hankali, ruwan sanyaya ba yankewa, in ka bar wuƙa tana goga ba ta ci ba sai wurin ya ƙara tauri. Wahalar taka ce ta awa ɗaya ko biyu. Alminiyon ya zo a ƙarshe, da sharaɗin sanda mai lamba da kuma hanyar yi masa ɓawon nan. In ɗaya ya faɗi, aikin ya faɗi.

Ko da wane ƙarfe za ka yi, awo ne uban aiki. Ratar da ke tsakanin fistin da bangon kalifa ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Ma'aunin baniya mai zamewa, wanda kuke sawa a aljihu, bai isa wannan wuri ba, musamman in ya sha faɗuwa. Maikiromita ake so, mai karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Auna tsohon fistin a inda tsatsa ba ta taɓa ba, ka juya ka sake aunawa, ka auna sama da ƙasa. Naka ma haka, don tsohon inji yakan yanka gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri ba tare da ido ya gani ba. Kada ka auna ƙarfe da zafinsa. Alminiyon mai faɗin milimita 30, in ya ɗumama da digiri 30, yana ƙaruwa da kashi 2 cikin ɗari na milimita, wato wani babban yanki na ratar da kake nema. Ajiye shi ya huce, ka sha ruwa, sannan ka auna.

Tsawonsa ya zama daidai da na asali. In ya wuce, sabon fad ba zai shiga ba. In ya gaza, ranar da fad ya cinye fistin zai fito har ya kusa kuɓuce wa robarsa. Kada ka rage kaurin gindi ko na bango don aiki ya yi sauri, alminiyon ma kamata ya yi ya fi na asali kauri, tunda ƙarfin tsayuwarsa kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Kusurwar ciki, inda bango ya haɗu da gindi, ka bar ta da ɗan lanƙwasa, don daga kusurwa mai kaifi tsagewa ke farawa. Bakin da zai fara shiga kalifa ka kashe masa kaifi ka zagaye shi, in ba haka ba shi zai yanke sabuwar robar tun ranar ɗaurawa. In ka rarake ciki sannan ka matse shi da ƙarfi a bakin inji, zai fito da kusurwa uku a ɓoye, don haka ka gama waje da ciki a ɗauri ɗaya in da hali.

Sai fata. Layin da wuƙa ke bari, komai ƙanƙantarsa, haƙorin kusa ne mai zagayawa. Bi da samfefa mai laushi, jiƙaƙƙiya, daga lamba 600 zuwa 1200, inji na juyawa, har sai ka ja farce a tsawonsa ka ji bai kama komai ba. Ka tuna gugar ma tana rage kauri, ka bar mata rabonta.

Wani wuri da aikin kirki ke lalacewa shi ne wajen haɗawa, ko da ba kai za ka haɗa ba ka faɗa wa bakaniken. Robar birki ba ta shiri da duk abin da ya fito daga fetur. Fetur, kananzir, baƙin mai, giris na yau da kullum, kowannensu kumbura ta yake ta yi laushi. In da kananzir ka sanyaya wuƙa wajen yankan alminiyon, wanke fistin da ruwa da sabulu, ya bushe sarai. Ramin da robar ke zama a kankare farin dattin da ya taru a ciki da tsinke ko abu mara kaifi, don shi ke tura robar ta shaƙe fistin. Roba sabuwa, ba tsohuwar da aka juya ba. A shafa man birki a tura da yatsa, fistin kirki da babban yatsa biyu yake shiga, wanda sai an sa guduma ba shi ba ne. Mai daga rufaffiyar kwalba, ba wanda ya kwana a buɗe a kan benci ba. A fitar da iska tsaf. Daga nan a ɗaure hannun birki da roba a bar shi ya kwana, da safe a duba ko ya saki, a shafa farar takarda a ƙarƙashin kalifa a ga ko ta jiƙe. A ɗaga ƙafar gaba a juya, a ja a saki, a ga ta ci gaba da juyawa. A ɗan zagaya ba tare da taɓa birkin gaba ba, a kai hannu kusa da faifai, in da zafi to yana riƙewa. A gaya wa mai babur ya riƙa canja mai duk shekara biyu kamar yadda kamfanoni ke cewa, ko ƙasa da haka ga mai yawan shiga ruwa.

Na san inda abin ke da wuya, kuma ba a gaban inji ba ne. Magidanci ne zai tsaya a ƙofar shago, ya girme ka, wataƙila abokin mahaifinka ne, ya ce, "Yaro, taimaka mini ko na wucin gadi ne, gobe da asuba zan fitar da tumatir, in ya kwana ya lalace." Gaskiya yake faɗa, tumatir ba ya jira. Kunya za ta kama ka, ga kuma kuɗi a hannunsa, ga guntun narkakken alminiyon a ƙarƙashin benci. Ka russuna ka ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wannan ƙarfen in na sa maka, ban yi maka adalci ba. Ka hau na wani gobe, ni kuma zan nemo maka na kirki ko in yi maka da mara tsatsa jibi." Zai iya ɓata rai. Zai iya tafiya shagon gaba. Bar shi ya tafi. Abin da ake kira wucin gadi a garuruwanmu yakan zauna har babur ya tsufa. Kuma babur ba ya mutuwa a hannun mutum ɗaya: za a sayar, wanda ya saya bai san me ke cikin kalifa ba, wata rana mai naƙuda zai ɗauko da tsakar dare, ko yara uku 'yan makaranta. Su ba su ce sun ji sun gani ba.

Waɗanda suka zauna gaban malam suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid sun san malaman Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi ya yi aiki a kansu. In shari'a ta tsaya haka a kan yadin tela da fatar dukawa, sai ka auna da kanka nauyin abin da ran mutum ya rataya a kansa. Ɓoye aibin kaya kuwa algus ne, kowa ya san matsayinsa, kuma fistin da ke cikin kalifa ya fi komai sauƙin ɓoyewa, don ba mai sake ganinsa sai ranar da ya ci amana. Saboda haka in ka sassaƙa, faɗa wa mai shi ƙarfen da ka sa. Ka ajiye ɗan littafi a shago, ka rubuta rana da lambar babur da irin ƙarfe da awon da ka bari. Ka ce ya dawo bayan wata ɗaya a buɗe a duba. Littafin nan zai koya maka abin da oganka ma bai sani ba, don za ka ga da idonka wane aiki ne ya jure laka da taki, wanne ya gaza.

Iyayen gida masu shaguna, ku ma ina roƙonku, duk da ba da ku na fara ba. Yaro abin da ya ga ana yi shi zai ɗauka. In ya ga oga ya mayar da kuɗi ya ce wannan ba na yi, ya koyi darasin da ba a koyarwa da baki.

Ku kuma ƙannena, kada ku tsaya a abin da hannu ya iya. Ilimin ƙarfe a rubuce yake, ba a kuma nesa yake ba. Ga Kwalejin Fasaha ta Bagauda a maƙwabtanku, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga cibiyar HEDI ta hukumar NASENI a Kano wadda aikinta ke nan, na'urorin da ke aiki da matsin ruwa da mai. Wanda bai samu shiga aji ba ya nemi wanda ya shiga, ya tambaye shi yadda ake karanta zanen aiki da lambobin ƙarfe. Ranar da ɗayanku zai kafa wurin yin fistin da ɓawonsa da gwajinsa a kan ƙa'ida, a nan Kura ko Bunkure, ni ne mai fara yi masa talla. Kafin wannan rana, in kakar shinkafar bana ta yi kyau kuɗi ya shigo, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi maikiromita guda, ku nemo guntuwar sandar ƙarfe mara tsatsa, ku yi ta gwada yanka da awo a kanta har hannunku ya faɗa, tun kafin a kawo muku kalifar wani.